Na yi allurar, na ɗauka an shafa fatiha

Gwaggona, ƙanwar babanmu, kansar bakin mahaifa ce ajalinta. Ta daɗe da daina al'ada sai jini ya dawo mata. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce iska, aka yi ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Kafin a kai ta asibiti ciwon ya ci ƙarfinta. Ni na yi jinyarta, kuma har yau ina tuna yadda take juya fuska bango idan zan sauya mata shimfiɗa, don kunyar warin da ke fita. Allah Ya jiƙanta.

Shi ya sa a 2012, ana saura 'yan watanni bikina, na tara kuɗi na je asibitin kuɗi aka yi mini rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan kansa. Allura uku cikin wata shida. Daga nan na sa wa raina cewa ni da wannan ciwo mun raba gari.

Shekara 11 ban sake bi ta kai ba, sai a Oktoban 2023 da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kyauta, sau ɗaya tak. 'Yata ta fari tana da shekara 10 lokacin. Na raka ta da kaina, domin a unguwarmu a Kano ana ta raɗe-raɗin wai maganin hana haihuwa ne. A layi na tsaya ina faɗa wa iyaye cewa ni na yi tun ina budurwa, kuma ga shi haihuwata huɗu.

Ma'aikaciyar jinyar ta ɗago ta dube ni. "Madalla, Hajiya. To gwajin fa, yaushe rabonki da shi?"

"Wane gwaji kuma, Sista? Ai na yi allura."

Tana cikin zuƙo ruwan allura ta yi mini bayani. HPV iri-iri ce. Biyu daga ciki, na 16 da na 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansa, kuma su allurar da aka yi mini ta fi tarewa. Sauran suna nan. Ga shi ciwon ba ya sallama: bakin mahaifa kan yi shekara 15 zuwa 20 yana sauyawa a hankali, mace na harkokinta ba ta jin komai. A wannan tsakanin ake son a kama shi, lokacin da maganinsa na 'yan mintuna ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25, ko ta yi allura ko ba ta yi ba.

Duk da haka sai da na yi wata biyu ina jan ƙafa. Kunya ce, kuma tsoron abin da za a gani. Maigida ne ya ce, "Ke da kika ga gwaggo da idonki?" Zuwana na farko aka mayar da ni saboda ina al'ada, don haka mai niyya ta jira sai ta yi tsarki. Na kuma nemi mace ta duba ni, aka ba ni ba tare da gardama ba.

Na kwanta a bayan labule, ta sa wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin agwagwa, mai sanyi, akwai matsi amma ba zafi. Ta dangwala auduga a ruwan kal ta shafa a bakin mahaifa, ta haska fitila, muka jira minti ɗaya. Inda ya fara lalacewa fari yake komawa. Mintin nan ina kallon silin, gwaggo kawai nake gani.

"Lafiya lau, Hajiya. Ki dawo bayan shekara uku."

Na fito hawaye na zuba. Da na isa gida na ɗauko katin rigakafin 'yata, na rubuta a bayansa da biro: gwaji, 2043. Shekarar za ta cika 30. Na nuna mata, na ce ko ba na raye ta je.