Asabar a Smailholm

Mun bar Edinbara, babban birnin Sikotland, da hantsi, yayyafi bai daina ba har muka kusa garin Kelso. Tun daga nesa ake hango hasumiyar Smailholm tsaye ita kaɗai a kan dutse, tsayinta kamar mita 20, baƙin dutse da jan dutse a kusurwoyi. Kusa da ita gona ce, sai da muka ratsa ta cikin taɓo da kashin shanu.

Iyalan Pringle ne suka gina ta a ƙarni na 15, lokacin da iyakar Sikotland da Ingila ta zama dandalin mahara. Kana shiga ka san mai gidan ba ya barci da ido biyu. Kaurin bango ya haura mita 2, ƙofa ƙarama, tagogi 'yan mitsi-mitsi. Ƙasa ma'ajiyar abinci ce, zaure yana bisanta, ɗakunan kwana can sama. Matakalar kuwa a murɗe take, mutum biyu ba sa giftawa. Na kai ƙololuwa ina haki, gwiwa na rawa. A can akwai mazaunin mai gadi na dutse da ɗan gurbin da yake ajiye fitila. Na zauna a wurin, iska ta kusa tafiya da hulata.

Shanu mahara suke nema, shi ya sa aka zagaye hasumiyar da katanga inda ake kora dabbobi in an ji ƙishin-ƙishin. Sai na tuna mutanenmu na Zamfara, raina ya ɗan ɓaci.

Yanzu ruwan sama ne abokin gabarta. Hukumar Historic Environment Scotland, mai lura da wuraren tarihi na Sikotland, ke kula da ita, kuma tana cikin gine-ginen da dokar wuraren tarihi ta 1979 ta kare: ko gyara za ka yi sai da izini a rubuce, in ba haka ba laifi ne. Da danshi ya addabi rufin dutsen, sai aka shimfiɗa masa ƙasa da ciyawa su riƙa shanye ruwan. Wannan dabara ta fi burge ni a kan duk labarin yaƙin, don ba a lafta siminti an ɓata ginin ba.

Abokin tafiyata ya ce kuɗin shiga ya yi yawa, ɗakuna ne kawai a jere sama. Na ce malam, da wannan kuɗin ake biyan masu hawa bango suna duba duwatsun da suka saki. Bai gamsu ba, har Kelso muna musu, can muka sha shayi muka kama hanya.