Kafin ka yanke wa gari hukunci a gaban aji

Ƙannena masu shiga aikin koyarwa a Legas, ga kuskurena, kada ku maimaita shi.

Shekaru na yi a wata makaranta a Agege ina rubuta wa yara matsalolin birni a allo: cunkoso, shara, ambaliya. Su haddace, su zubo min a jarrabawa, in ba su maki. Ban taɓa tambayarsu abin da ke faruwa a layinsu ba.

A watan Yunin 2022, da gwamnati ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa, na tsaya gaban aji na ce 'yan acaba ne suka ɓata garin nan. Wata yarinya a bencin baya ta kifa kai, tana ta murza gefen hijabinta har aka tashi. Ashe da babur mahaifinta yake biyan kuɗin makarantarta. Wallahi har yau abin yana ci min rai. Maganar da na tsinta a cikin danfo, ƙananan bas-bas ɗin haya na Legas, na kawo musu a matsayin ilimi.

Abin da ya kamata in yi shi ne tambaya. Me ya sa mutum zai hau babur alhali ya san haɗarinsa? Wanda ya taɓa maƙalewa a bayan tankoki a hanyar Apapa ya san amsar. Motocin BRT, wato manyan bas-bas masu layinsu na musamman a kan titi, sun fara aiki a 2008 daga Mile 12 zuwa tashar CMS da ke tsibirin Legas, to amma wa ke kai mutum daga lungunsu zuwa tasha?

Ku ba su labarin Maroko, unguwar da gwamnatin soja ta rushe a 1990, sannan ku tambaye su: su wa ke zaune a wurin yanzu, masu gidajen da aka rushe kuma ina suka nufa? Kada ku yi saurin ba da amsa. Shirun aji ba laifi ba ne.

Ku kuma tura su wajen dattawan unguwa su ji yadda fataucin goro da layin dogo suka zaunar da Hausawa a Agege.

Yarinyar nan sai bayan mako biyu na iya ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Malam." Daga nan na roƙe ta ta zana mana hanyar da babanta yake bi kullum, muka yi darasin ranar a kai.