Miyar sure a gidan Goggo

Yau da walwala na tashi. An kawo wuta tun kafin asuba, ba a ɗauke ba har na gama shara da wanke-wanke, kwamfuta ta cika da caji, waya ta cika, ruwan firji ma ya yi sanyi. Damina ta ɗauke, hunturu bai sauka ba tukuna, muna cikin zafin nan na tsakani mai sa mutum gumi yana zaune. Bai kai na watan Afrilu ba da Sakkwato ke haura digiri 40, amma shi ma yana da nasa.

Yara sun tafi makaranta da kunun gyaɗa da ƙosai a ciki. Maigida ya fita da wuri.

Kun san aikin da na ɗora wa kaina tun bayan rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta: tattara girke-girken gidanmu wuri ɗaya da Hausa, yadda yarana da na Yaya za su tarar da su. Dambu ya shiga, masa ta shiga, hoce ma ya shiga. Wadda ta rage, kuma ita na fi ji a raina, miyar sure ce, wato yakuwa. Duk dangi ba mai yin ta irin ta Inna sai Goggo, don a hannun Kaka suka koya tare, ɗaya tana ɗiyar gida, ɗaya tana amarya. Sai na zura kwamfuta a jaka, na tari keke daga Arkilla zuwa cikin gari. Na biya Tsohuwar Kasuwa na sayi sure, da gyaɗa, da busasshen kifi. Sure ya yi araha yanzu da kaka, ɗauri manya-manya, ganyen jajayen jijiya.

Na iske Goggo kan tabarma gindin dogon yaro tana tsintar gero a faifai. Na durƙusa na gaishe ta.

"Lahiya lau ɗiyata. Ina maigidan naki? Ina ɗiya? Mi kika ɗauke da shi haka cikin jikka kamar mai tahiya Makka?"

Da na fito da kwamfutar, na fito da kwalin ƙwai na ɗora ta a kai, dariya ta yi har faifan ya kusa kifewa. Na ce mata ai ta ƙasa take shaƙar iska, in aka aje ta kan tabarma ko katifa ko matashi sai hanyar iskar ta toshe, fankar ciki ta yi ta kuka, ta ɗau zafi, wani lokaci ta mutu da kanta ana tsakar aiki. Ramukan kwalin ƙwai suna ba iska hanya, kuma ba sisin kwabo. Ta ce to ashe ita ma tana da numfashi, Allah ya ba ta lafiya.

Muka hura wuta a murhu. Goggo ba ta girki da gas, ta ce miyar ba ta jin hayaƙi.

Tun a tambayar farko muka sha bamban. Na ce, "Goggo, kanwa nawa ake sawa?" Ba ta amsa ba. Ta ciri ganye ɗaya daga cikin ɗaurin, ta goge shi a zanenta, ta gatsa, ta tauna a hankali tana kallon sama, sannan ta miƙo mini sauran. Tsamin ya kama mini haƙora.

"Kin jiya? Wanga na kaka na, ya tsuhwa, tsaminai ya kai. Na farkon ruwa ba haka shike ba. Ganye ka hwaɗa miki kanwa nawa shika so, ba ni ba."

Na ce to ko da cokali ne a kwatanta mini, don in sami abin rubutawa. Ta ce hannu ka awo.

Ga dai abin da idona ya gani. Ta jiƙa ɗan gutsuren kanwa ungurnu a kofi tun muna gyaran ganye, ta bari ƙasar ta kwanta. Sure ta tsinke shi daga kara, ta wanke sau da yawa saboda yashi, ta yanka ba ƙanana sosai ba. Da ya tafasa ya fara laushi sai ta tsiyaya ruwan saman kanwar kaɗan, tukunyar ta taso da kumfa fuu har baki, ganyen ya juya daga kore ya yi duhu. Ta jira kumfar ta faɗa, ta ɗanɗana a tafin hannu, ta ƙara ɗigo kaɗan, ta sake ɗanɗanawa. Kanwa ita ke kashe tsami, amma ba a so ta kashe shi duka, in ba haka ba me ya sa ake kiranta miyar sure. In ta yi yawa kuma miyar ta yi baƙi, ta yi santsi, ta ɓata ciki. Ta ce zamanin Kaka ko kanwar ba kullum ba, ruwan tokar karan gero ake tacewa a zuba.

Gyaɗar a turmi ta sa na daka, ta tsaya a kaina kada ta yi laushi ta fara fitar da mai. Albasa, tonka, kifin da aka gyara aka cire ƙaya. Sai ta shiga ɗaka ta fito da wani ɗan gwangwani, tana buɗewa warin ya cika tsakar gida. Daddawar batso. Wadda ake yi da gurguzu, 'ya'yan shi wannan suren da muke dafawa. Ganyen da ɗansa a tukunya ɗaya suke haɗuwa. Ni da daddawar kalwa nake yin tawa a gida, yau na gane inda ɗanɗanon miyar Inna yake ɓoye.

Duk wannan ina gefe ina bugawa, ina jin daɗi, har ina raha. Can ta ce, "Karanta min in ji abin da kika zubawa ciki." Na karanta mata tun daga wankin ganye har zuwa daddawa. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ci gaba da juya miya da ludayi, ba ta dube ni ba, ta ce:

"Ya yi daidai. To shi ke nan. In kin gama kwashewa cikin wanga abu, ba ki da sauran abin tahowa tambaya."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ba gori ba ne. Yadda za ta ce magariba ta kusa, haka ta faɗe shi. Wallahi sai na ji hannuna ya yi sanyi a kan madannai.

Na yi ƙoƙarin kare aikina. Na ce, "Haba Goggo, ai rubutu ba ya raba zumunci. Nana Asma'u ma rubutawa ta yi, shi ya sa har yau muke da abin da ta koyar." Ta ɗago ta dube ni, ta ce:

"Awo, ta rubuta. Amma jajjai da ƙahwa sunka riƙa tahowa wurinta su amsa. Su zamna gabanta, su ji daga bakinta, su koma ƙauye su hwaɗi. Takarda ba ta taɓa tahiya ita kaɗai ba."

Ban sami amsa ba, kuma gaskiyarta ne. Ɗiyar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙinta da Fulatanci da Hausa da Larabci, amma abin da ya kai su ga matan karkara shi ne 'yan taru: a zaɓi dattijuwa a naɗa ta jaji, a ba ta malfa, ta jagoranci mata su zo su karɓi karatu su koma da shi. Kabarinta yana nan Hubbare, tafiyar ƙafa daga inda muke zaune. Goggo ba ta yi boko ba, amma wannan tarihin a gidansu ta tashi ta ji shi, ta kuma san daidai inda za ta ɗora mini shi.

Tun da na dawo maganar ke cina. Na riƙa tuna gidan nan yadda yake da. Ɗakuna cike, turmi ba ya hutawa, kwanon tuwo a jere har bakin zaure. Yanzu wasu suna Abuja, wasu Kaduna, mu da muke gari mun watsu sababbin unguwanni, Mabera, Arkilla, Gidan Igwai. Daga ita sai yarinyar da ke taya ta kwana. Gaisuwa ta koma waya, minti biyu, ina kwana ina gajiya, a gaida yara. Abin da ke sa mutum ya taka har tabarmarta shi ne in yana da tambaya: yadda ake wankan jego, wane ganye ake dafa wa mai jego, wance ɗiyar wa ce a dangi, me ake kaiwa gidan miji ranar buɗar kai. Ashe tana lissafe da waɗannan tambayoyin. Tana ganin kowace ɗaya da ta shiga kwamfutata, sawu ɗaya ne ya ragu a ƙofar gidanta.

Kuma duk da haka ba zan bar rubutun ba. Inna ta tafi da abubuwa da yawa a kanta. Akwai wani yajin da take haɗa wa Baba lokacin sanyi, har yau ba wanda ya san abin da ke ciki, mun tambayi kowa. In na tuna wannan sai in ji kamar in zaunar da Goggo in kwashe komai a dare ɗaya. In na tuna fuskarta tana juya miya kuma sai in ji nauyin abin da nake yi. Duka biyun gaskiya ne, kuma na rasa yadda zan sa ɗaya ya ba ɗaya wuri.

Abin da na lura da shi da na sake karanta shafin da daddare: wuraren da suka fi muhimmanci duk babu komai. Kanwa nawa, babu. Yaushe ake sauke gyaɗa daga daka, babu. Wane kalar duhu ne ke nuna ganye ya yi, babu. Na so in cike su da ƙiyasina, cokali kaza, minti kaza, sai na fasa. Ƙarya zan rubuta. A kowane gurbi na sa: a ɗanɗana ganyen tukuna, a je a gani wurin Goggo.

Miyar dai ta yi. Da tuwon sabon gero muka ci, ta zuba man shanu a kai. Na ci har na ji kunya. Ta cika mini kwano na kawo gida, maigida ya ci loma biyu ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya jiƙan Inna. Yara kuwa warin daddawar ya kore su, taliya suka ce.

La'asar a gidanta na yi. Hanya cike da ƙura wajen dawowa.

Masu tambayata yadda nake samun haruffa masu lanƙwasa a kwamfuta, ga shi kafin in manta. A cikin Word, ki rubuta 0199 ki danna Alt da X tare, lambar za ta rikiɗe ta zama ƙ. 0257 na ba da ɗ, 0253 na ba da ɓ. Manyansu 0198, da 018A, da 0181. Sai dai in harafin da ya zo kafin lambar a ne, ko b, c, d, e, f, yana haɗa shi cikin lissafin ya fito miki da wani abu daban, kuma Hausa cike take da a. Maganinsa ki fara da U+ kafin lambar. A waya abin ya fi sauƙi, Gboard na da Hausa, ki ƙara ta cikin harsuna kawai. Sannan ku riƙa danna Ctrl da S a kai a kai, ba a sallama kafin a ɗauke wuta. Nawa fayil ɗin wuri uku yake: cikin kwamfuta, cikin filashi da ke ɗaure a jakar hannuna, da Google Drive, tunda suna ba da gigabait 15 kyauta. Kafin hunturu ya sauka kuma a kai kwamfuta wurin mai gyara ya buɗe ya hure ƙurar fanka, don ta bara tana nan ciki.

Da zan fito Goggo ta rako ni har zaure, abin da ba ta saba ba saboda gwiwa. Na ce mata daddawar batso nake so in koya, ba ta saye ba, ta hannu. Ta tsaya ta dube ni da kyau, ta ce wannan ba aikin yini guda ba ne. Gurguzu sai an tsince an wanke, a dafa shi wuni cur da ruwan toka har ya yi laushi, a rufe shi ya kwana biyu ko uku ya ruɓa, a daka, a sake rufewa, sannan a shanya. Kowane mataki sai na zo da kaina na sa hanci na ji, don wari ne ke nuna ya kai. Ta ce in zo da tiya biyu, kuma in bar mai numfashin nan a gida ranar dahuwa, hayaƙi zai yi mata yawa. Na ce to. Na roƙe ta in ɗauki muryarta a waya ranar, ta ce sai ta yi shawara.

Auta, ranar Asabar da sassafe nake son ka. Kasuwar Kara za mu fara biyawa neman gurguzu, daga nan mu sayi itace mai yawa, don na gidan Goggo ba zai kai wuni ba.