Yadda Na Ɗora Janareta a Kan Taraktar Lambuna

Ƙaramar taraktar da nake yankan ciyawa da jan kaya da ita a lambu tana da inji mai ƙarfin doki 18, amma ba ta yin aikin da ya wuce sa'o'i kaɗan a mako, sauran kwanakin kuwa tana ajiye a rumfa. Wannan ne ya sa na ga babu dalilin sayen wani injin dabam domin samun wuta a ƙarshen lambun, inda waya ba ta kai ba, alhali ga inji lafiyayye da ke iya kai kansa duk inda ake bukatarsa. Na shiga aikin ina zaton walda da huda ƙarfe ne za su ba ni wahala, sai na tarar cewa gaba ɗayan al'amarin ya rataya ne a kan saurin juyawa, da yadda za a riƙe shi kada ya yi sama ko ƙasa.

Abu na farko shi ne zaɓen kan janaretan, wato ɓangaren da ke da kwayil wanda yake haifar da wutar. Mutane da yawa sukan cire shi daga tsohon janaretan da injinsa ya mutu, amma irin wannan kan yawanci boris ɗaya gare shi a baya, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sanda ke juyawa a cikinsa, domin bakin sandar injin ne yake riƙe gabansa, kuma da zarar an raba su babu abin da zai tallafe shi idan bel ya ja shi gefe. Wanda ya dace da bel shi ne mai boris biyu da miƙaƙƙiyar sanda, kuma shi na nema, mai kilowat 5. Ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746, sai dai bel da kwayil suna cinye wani kaso ta hanyar zafi, shi ya sa masu wannan sana'a suke ware doki biyu ga kowane kilowat ɗaya. Da wannan lissafi, doki 10 nake bukata, injina kuwa yana da rara.

Kan janareta mai ƙusurwar maganaɗisu biyu dole ne ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da wuta mai bugu 50 a daƙiƙa, ko sau 3,600 a ƙasashen da ake amfani da bugu 60. Lissafin fuli kuma, wato faifan da bel ke hawa a kai, ba shi da wuya: a ninka faɗin fulin inji da saurin injin, a raba da faɗin fulin janareta, abin da ya fito shi ne saurin janaretan. A nan ne na yi kuskuren da ya cinye mini mako biyu. Saboda son rage shan mai da ƙara, na sa fuli mai inci 7.5 a jikin injin da mai inci 5 a jikin janaretan, domin injin ya riƙa juyawa sau 2,000 kawai. A takarda lissafin ya fita daidai, kuma ƙwan fitila ya kama da haske mai kyau. Amma da na kunna famfon ban ruwa, sai muryar injin ta yi ƙasa kamar an shaƙe shi, hasken ya koma ja, famfon ya tsaya yana gurnani bai juya ba, na yi sauri na kashe shi kafin kwayil ɗinsa ya ƙone.

Dalilin a fili yake ga wanda ya tsaya ya yi tunani. Ƙarfin da aka rubuta a jikin irin waɗannan injuna ana auna shi ne a kusa da juyi 3,600, kuma idan aka rage saurin, ƙarfin ma yana raguwa tare da shi. Motar lantarki irin ta famfo tana jan wutar da ta ninka ta aikinta sau uku ko fiye a lokacin tashi, gwamnan injin kuma, wato na'urar da ke ƙara totur da kanta idan nauyi ya hau, bai da kuzarin amsawa da wuri a ƙaramin gudu. Ga kuma batun sanyaya, tunda iska ce ke sanyaya injin, fankarsa kuwa tana jikin sandar da ke juyawa, saboda haka jan nauyi a ƙaramin gudu yana dafa shi ne kawai. Na canja zuwa fuli mai inci 5 a inji da mai inci 5.5 a janareta, injin yana juyawa sau 3,300, tun daga ranar famfon yake tashi ba tare da gardama ba.

Ɗora janaretan a jikin taraktar bai ɗauki lokaci ba. Na yi amfani da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6, na ɗaure shi da kusoshi a gaban firam, na yanka ramukan dogaye domin in riƙa zame janaretan gaba ko baya wajen ɗame bel. Abin da ya cancanci haƙuri shi ne daidaita fulin biyu a layi ɗaya da miƙaƙƙen ƙarfe, domin ko ɗan karkata kaɗan zai sa a ga baƙar ƙurar roba a kan farantin, a kuma ji warin bel yana ƙonewa. Na rufe bel ɗin da ragar ƙarfe, kuma ba na ganin wannan a matsayin ado, domin bel mai gudu irin wannan ba ya jiran hannun riga ya kuɓuce.

Ba na daidaita totur da kunne. Na sa mita mai nuna bugun wuta da ƙarfinta a inda nake gani daga kujera, ina saita bugun a 52 kafin in ɗora kaya, domin idan nauyi ya hau yakan sauko kusa da 50. Bayan mitar akwai makatsin wuta da ke faɗuwa da kansa idan lodi ya yi yawa.

Kafin in tayar da janaretan nakan cire giya, in ja birki, in sa dutse a bayan taya, in duba baƙin mai, domin injin zai yi sa'o'i yana aiki a tsaye. Ba na kunna shi a cikin rumfa ko kusa da taga ko da ruwan sama ake yi, saboda hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba marar launi marar wari wadda take kashe mutum yana barci. Haka kuma ban taɓa cusa wayarsa a soket ɗin gida ba, domin wutar za ta iya komawa kan layin waje ta kama ma'aikacin da ke gyara yana zaton babu wuta. Idan har zan haɗa shi da gida, sai na kira ƙwararren mai aikin lantarki ya sa makunnin canja layi, wanda ke raba gidan da layin waje, tukuna, kuma wannan ne aikin da na sa a gaba kafin damina ta kama.