Lambobi 6 kacal

Jiya bayan La'asar ina zaune a shagon yayana a Runjin Sambo, sai ga kira. Muryar dattijo ce, da sallama cikakkiya, wai za a sa ni a zauren tafsiri na WhatsApp, in karanto masa lambobi 6 da aka turo mini. Na karanto, ko ɗar ban ji ba, ashe lambobin rajistar WhatsApp ɗina ne. Kafin Magariba WhatsApp ɗina ya koma hannunsa, yana bin dangi yana roƙon naira 20,000 da sunana. Inna ta kira hankali tashe: "Kai, wane asibiti kake?" Sai da na sake rajista da layina na ƙwato abina, na ƙara masa lambar sirri. Yaya kuwa har yanzu dariya yake mini.