Tashe a Rijiyar Zaki

Daga Zariya muka taso bayan azahar, azumi ya ɗan haura goma. A Unguwa Uku na sauka, na tari adaidaita sahu zuwa Rijiyar Zaki, inda Kawu ya tare tun da aka raba gidan gadonsu na Yakasai.

Layinsu sabo ne fil. Katanga mai tsawo, ƙofar ƙarfe, babu zaure balle dakalin hira. Maƙwabcinsa na dama mutumin Barno ne, na hagu Bayarabe mai shago a Kantin Kwari, kuma Kawu ya ce gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu daga cikin mota.

Bayan asham sai ga kiɗan gwangwani. Samarin unguwar ne da ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo, wadda wani malamin firamare, tashin cikin gari, ya haɗa. Ɗaya ya manna gemun auduga, ya cusa matashi a riga ya yi tumbi, yana dogara sanda yana tarin ƙarya.

"Ɗan nan, ka gane shi?" in ji Kawu. "Ɗan Bayaraben nan ne."

Hausa a bakinsa kuwa tamkar jikan Bakano. Uban ya fito da dariya, mata suka leƙo, yara suka cika layi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo kunun tsamiya. Kafin 'yan wasan su wuce layi na gaba, magidanta sun shiga zancen kwatar da ke ambaliya duk damina, har an sa ranar zama.

Washegari na leƙa Gidan Ɗan Hausa, tsohon gidan Baturen nan Hanns Vischer, inda hukumar tarihi da al'adu ta jihar take. Ginin ƙasa ne mai kyau, ga kayan tarihi. Kano ba ta rasa abin nunawa ba, tunda ko hawan sallarta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2024. Amma a ganina wannan na baƙi ne da 'yan kallo. A cikin gari tashe gado ne, har da Nalako sarkin gwagware. A bayan gari kuwa sai wani ya ɗauko shi da gangan.

Da zan tafi, Kawu ya ce malamin na neman wanda zai ara musu lasifika don wasan sallah, kuma mutumin Barnon ya ce a zo a ɗauki tasa.