Website ɗinka ya yi kyau amma Hajiya ta kasa cike fom

Masu kago na Jidda da ejan ejan ɗin Umara yanzu kowa so yake ace yana da website, to madalla, amma dan Allah kafin ku biya mai haɗawa ku tsaya ku tuna wa zai shiga. Hajiya ce a Shara Mansur ta Makka da ƴar wayarta mai fasasshen gilashi tana so ta tura dabino da abaya Kano, ko Alhajin da ya sauka jiya ko layin nan bai siya ba.

Ni sana'ata kenan haɗa shafuka, kuma wlh duk inda aka kirani gyara matsalar a fom take. An zuba bidiyon Ka'aba a shafin farko yana cinye data, kala ta ko'ina, amma wajen sa lambar waya +966 kawai yake karɓa, to mai karɓan kayan a Kano fa da +234 ɗinsa, ko na Maraɗi mai +227? Sai kuma a ce dole lambar iƙama, wato katin zaman baƙo a Saudiyya. Iƙama lamba 10 ce tana farawa da 2, ta katin ɗan ƙasa kuma tana farawa da 1, wanda yazo da bizar Umara bashi da ko ɗaya, fasfo gareshi, kaga kenan tun a layi na biyu ka kori kwastoma baka sani ba.

Wanda yafi bani haushi shine lambobi. Da yawan mutanenmu da aka haifa a nan kibod ɗinsu na Larabci ne, mutum ya danna ٠٥ (wato 05) shafin yace kuskure da jan rubutu, bai faɗa masa me yayi ba, alhali lambar daidai take, ɗan gyara ne kawai mai haɗawa zai yi shafin ya juya su da kansa amma lalaci ya hana. Haka kwanan wata, nan ana aiki da Hijiriyya ta Ummul Ƙura ana aiki da Miladiyya, fasfon Najeriya kuwa Miladiyya ce zalla, in baka rubuta wacce kake nufi ba kowa zai sa wacce ta zo masa.

Maɓallin canza yare a sama zaka ajiyeshi inda ido zai gani, kuma ka duba da kyau dan Larabci daga dama yake farawa, in an juya komai sai ya juya har kibiyoyi. Maɓallai kuma suyi girma, a ma'aunin allon waya Apple ma 44 suka ce mafi ƙanƙanta, Google 48, yatsan dattijo ba na yaro bane.

Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da shafuka, tun 2000 ya rubuta cewa gwaji da mutum 5 kacal yana fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin shafi. Mu nan ai abin ma da sauƙi, bayan la'asar ka samu kwastomomi biyar a bakin shago ka miƙa musu waya kace su gwada tura kaya, kai kuma kayi shiru kar ka nuna musu komai, shirun ne mai wahala gaskiya. Inda kaji an ce "ɗan nan ina zan danna" to nan zaka gyara.

Kuma kuɗin kilo ku rubutashi da riyal a shafin farko, da ranar tashin kaya, da maɓallin WhatsApp, dan mafi yawa abinda suka shigo nema kenan.